Takardu Biyu Masu Tsabta

Motar dai kyakkyawa ce, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Shekararta ashirin da ɗaya, amma fentinta ruwan toka yana nan yana ɗaukar ido, kujerunta ba inda ya yage, kuma in aka rufe ƙofarta sai ka ji wani nauyi irin wanda motocin yanzu suka manta da shi. Tana tsaye a gindin wata bishiya a farfajiyar gidan mai ita, kusa da famfo. Baba sai zagaya ta yake yi, hannuwa a baya, yana murmushi kamar wanda ya zo ganin jika.

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana tuƙi, daga motar kaya zuwa motar ma'aikata, har ya ajiye aiki bai taɓa take ko kaza ba. Wannan magana duk wanda ya zauna da shi na minti goma ya ji ta. A wurinsa mota da kunne ake saninta. Ya tayar da inji, ya karkata kai, ya lumshe ido, shi ke nan ya gama bincike.

'Yarsa kuwa, wadda ya laƙaba wa Akawu tun ranar da ta kama aiki har sunan ya bi ta, shekara tara ke nan tana ɗakin ajiye katin marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti. Ba ta san inji ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Da safiyar wannan Asabar ta ɗauki jakarta ta biyo Baba ba tare da an gayyace ta ba, ya yi ta harararta a hanya, ta yi kamar ba da ita yake ba.

Dalilin motar Umma ce, mahaifiyar Akawu. Tun da ƙodarta ta gaza, sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda a babban asibiti da ke can saman tudu, Litinin da Laraba da Juma'a. Zuwa da sauƙi. Dawowa ce tashin hankali, domin takan fito kamar tsumman da aka matse, sai a tsaya da ita a bakin titi ana tare tasi, wannan ya wuce, wancan ya dube ta ya girgiza kai. Akwai ranar da ta zauna a ƙasa dirshan a gaban jama'a saboda ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Tun daga ranar gidan ya ƙudura sai an sami mota, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai Akawu son a samu. Sai dai ta san hanyar asibitin nan. Gangare ne mai tsawo, lanƙwasa biyu a tsakiyarsa, a ƙarshensa kuma mahaɗa ce da ba ta rabo da manyan motoci. Duk motar da za ta riƙa sauko da uwarta ta nan sau uku a mako, to sai ta san cikinta.

Mai motar malamin makaranta ne, mutum mai fara'a, motar kuwa ta mahaifinsa ce da ya rasu bara. Baba ya riga ya zo sau biyu a cikin makon, sun daidaita, yau biya kawai ya rage.

"Malam, ko akwai takardun dubawarta na shekara-shekara?" in ji Akawu bayan an gaisa.

"Akwai kuwa! Ai marigayi ko ƙwan fitila ya canja sai ya ajiye rasit."

Ya shiga ya fito da wani fayil kore mai kauri, an ɗaure shi da roba, ya miƙa mata da alfahari. Ta samu dakalin baranda ta zauna, ta shimfiɗa shi a cinya.

"Akawu, ji nan," in ji Baba. Ya murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau. "Ji yadda take numfashi. Ko tari babu."

"Na ji, Baba."

"Kin ji, amma idonki na kan takarda. Takarda ce za ta kai uwarki asibiti?"

Ta juya fayil ɗin ta fara daga ƙasa, yadda take yi a wurin aiki. Shekara tara sun koya mata cewa takardar sama ba ta san komai ba sai yau. Wanda yake son ya san abin da ke damun mutum, daga katinsa na farko yake farawa, ya biyo shi a hankali har ya iso inda yake.

Kowace takardar dubawa iri ɗaya ce. Kwanan wata, yawan kilomitar da mota ta ci, hatimin cewa ta cancanci hawa titi, sai wani ɗan gurbi a ƙasa inda mai dubawa ke rubuta abin da ya gani wanda bai kai ya hana ta hanya ba tukuna. Mutane hatimin suke kallo su ninke takarda. Ita gurbin ta bi.

Marigayin mutum ne mai tsari, har ta ji ya kwanta mata a rai. In aka rubuta masa taya ta fara suɗewa, takarda ta gaba rasit ɗin taya ce. In aka ce salansa na yoyo, ga rasit ɗin mai walda bayan kwana huɗu, an maƙala da allura. Haka ta yi ta tafiya shekara bayan shekara, hankalinta na kwanciya, har ta fara hango Umma a kujerar baya da matashi a ƙeya.

Sai ta iso takardar shekara shida da suka wuce. Tsatsa ta fara kama bututun man birki na baya, ɓangaren hagu. Ta ɗaga takardar ta nemi rasit, babu. Ta shekara biyar: tsatsar na nan, ta ƙaru. Ta shekara huɗu: hagu da dama. Ta shekara uku, da rubutun mutum guda da hatimi guda, har an ja layi a ƙarƙashi: ya kamata a canja kafin dubawa ta gaba. A wannan tsakanin rasit sun yi ƙaranci, rubutun da marigayin kan yi a gefensu ya fara karkacewa. Ta gane ciwo ne ya fara cin ƙarfinsa.

Ta buɗe ta shekara biyu. Gurbin fari fat. Ta bara ma haka, ko ɗigo babu.

Da farko daɗi ta ji, don tana son ta ji daɗin. Sannan ta koma baya ta bi rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa, sau biyu. Babu na bututu, babu na man birki. Abin da ta samu tsakanin takardar da aka ja wa layi da ta farko mai tsabta rasit ne guda na wani wurin wankin mota: wanki, da feshin baƙin fenti a ƙasan mota. Ta dubi hatimin takardun biyu, ba irin na baya ba ne, wani wurin dubawa ne dabam.

"Baba, ɗan zo mana."

Ya zo yana share hannu da hankici. Ta jera masa takardu shida a kan dakali, ta bi su da yatsa tana karanta masa a hankali yadda mai motar ba zai ji ba.

"To ai ga shi nan da bakinki," in ji Baba. "Biyun ƙarshe ba komai. Ta warke."

"Wa ya warkar da ita?"

"Oho! An gyara mana."

"Mutumin da ya ajiye rasit ɗin ƙwan fitila, Baba, shi ne zai canja bututun birki bai ajiye ba? Ciwon da ya shekara huɗu yana ƙaruwa ba ya kwana ya tashi ya tafi ba magani. In na ga haka a katin majinyaci, ba murna nake yi ba, likita nake nema."

"Mota ba majinyaci ba ce."

"Dubi nan kuma. Shekara biyun nan duka, kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ta yi."

Fuskar Baba ta washe. "Kin gani! Hutawa ta yi. Irin wannan ake nema ido rufe."

"A ina ta huta?" Ta nuna ƙasan motar da haɓa, inda ruwan famfo ya jiƙa ƙasa har ciyawa ta tsiro tsakanin tayoyin. "Wanda ya shekara biyu a kwance, bayansa ake dubawa, ba fuskarsa ba."

Mai motar ya ga maganar ta yi tsawo, ya matso. Akawu ta ɗaga rasit ɗin fentin ta tambaye shi cikin ladabi. Bai ɓoye komai ba, don shi bai san akwai abin ɓoyewa ba.

"Ni na sa aka yi. Da marigayi ya kwanta ni na karɓi hidimarta. Na ga an rubuta tsatsa, wani abokina ya ce a fesa mata baƙin fenti mai kauri, yana maganinta. Wurin dubawa kuma, inda yake kai ta akwai nisa ga layi, sai na kai ta na kusa da makarantarmu. Suka leƙa, suka ga baƙi wuluk tsaf, suka buga hatimi."

"Bututun fa, an canja?"

"Gaskiya ban sani ba. Ni dai ban canja ba."

"To Malam, don Allah ka ba mu dama mu ɗora ta a rami bakanike ya duba ƙasanta. Na ga gareji a ƙarshen layin nan. Rabin awa."

Ya dubi agogonsa. "Ni ba na ƙi ba, amma akwai wanda zai zo da azahar, kuma shi a shirye yake. Don Baba ne na dakatar da shi."

Nan Baba ya haɗe rai. Ya kama hannun rigarta ya ja ta gefe, bayan bishiyar, yana magana ƙasa-ƙasa amma jijiyar wuyansa a tashe.

"Ke, kunyata ni kika zo yi? Na ba mutum magana. Motar mahaifinsa, mamaci, ki ce a ɗaga ta a leƙa kamar kayan sata? Na tuƙa motar nan da ƙafata. Birkinta yana ci. Shekara talatin da huɗu ina kan titi, sai ke da ko keke ba ki iya ba za ki koya mini birki?"

"Ba zan koya maka ba, Baba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Haka ne. Amma wannan ba hange ba ne, a ƙasa yake, sai an sunkuya."

Bai yi dariya ba. Ita ma ba don dariya ta faɗa ba. Tun da take ba ta taɓa ja-in-ja da mahaifinta a gaban baƙo ba sai yau. Ta san abin da motar nan take a wurinsa. Wata bakwai yana tsaye a bakin titi yana ɗaga wa 'yan tasi, yaran da ya isa ya haife su, hannu suna wuce shi, matarsa na jingine da kafaɗarsa, shi da ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da yake taƙama da shi a wurinsa ta gada.

"Baba, in ka saya, motarka ce, ba ni da ta cewa. Amma wallahi Umma ba za ta shiga ba sai an ɗora ta a rami. In ta kama in ajiye aiki in riƙa goya ta zuwa bakin titi, zan yi."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ka yi haƙuri. In an duba ba a ga komai ba, a gaban Malam zan durƙusa in ba ka haƙuri, in ba shi. Kuma ba zan ƙara sa baki a maganar mota ba har abada."

Ya daɗe yana kallonta. Ta sunkuyar da kai yadda ya kamata, amma ba ta motsa daga inda take ba, fayil ɗin na rungume a ƙirjinta. Daga ƙarshe ya ja tsaki mai tsawo.

"Har abada kika ce?"

"Har abada."

"Ko don wannan a je."

Baba ne ya ja motar, mai ita a baya, Akawu a gaba. Layin shimfiɗaɗɗe ne ba gangare, duk da haka hannunta na dab da birkin hannu. Baba ya gani, ya sake jan tsaki. Tuƙinsa kuwa abin kallo ne, dole a faɗa. Tun daga nesa yake sakin totur, ya sauke giya, motar ta rage gudu da kanta, sai a ƙarshe ya ɗan shafi birki kamar mai tsoron tada shi daga barci. Da suka tsaya a bakin garejin ko kai bai gyaɗa ba.

"Kin ji?" ya ce. "Ya ci ko bai ci ba?"

Bakaniken wani gajeren dattijo ne da ba ya son yawan magana. Akawu ta ba shi takardu shida, ya karanta huɗu, ya dubi biyun ƙarshe, ya dubi rasit ɗin fenti, ya ce, "Uhm." Ya sa Baba ya hau da motar kan rami, ya ɗauki tocila ya sauka. Ba a ankara ba Akawu ta tattare zaninta ta bi shi.

"Malama, za ki ɓata kayanki."

"Ba komai, a wanke."

Ƙasan motar baƙi ne sumul, yana sheƙi a hasken tocila, ya fi saman kyau ma. Zuciyarta ta karye. Ta fara shirya kalmomin ban-haƙurin da za ta yi. Bakaniken ya bi wani siririn bututu da haske, daga tsakiya har kusa da tayar baya ta hagu, ya tsaya inda fentin ya ɗan kumbura kamar ƙurji.

"In kankare?" ya ɗaga murya yana tambayar mai motar.

"Kankare mana."

Ya ɗaga sukudireba, sai kuma ya fasa. "A'a, kar a ce ni na huda. Direba! Tayar da inji ka taka birki."

Baba ya taka. Bututun bai ce komai ba.

"Ya ci," muryar Baba ta sauko daga sama, cike da nasara.

Bakaniken ya ce, "Shafa shi ka yi. Taka da ƙarfi."

"Ni tun da nake ban taɓa yi wa birki dukan kawo wuƙa ba. Direban kirki da giya yake tsayawa."

"Na ga alama, shi ya sa ya kai yau. To yanzu yaro ne ya faɗo maka titi, taku uku a gabanka. Taka!"

Motar ta girgiza da ƙarfin takun. Akawu ta ji wata 'yar ƙara, ɗas, ba ta fi ta ɓallewar maɓalli ba. Ƙurjin ya fashe, man birki ya yi tsartuwa ya feshe mata kafaɗa da gefen wuya, sannan ya ci gaba da tsiyaya a ƙasan ramin. Bakaniken ya sa babban yatsa ya danna gefen wurin, ƙarfen ya marmashe masa a hannu, ja kamar garin bulo.

"Na dama ma haka yake," ya ce. "Fenti ne ke riƙe da su."

Ta hau matakalar ramin ta fito. Ta zaci za ta ji daɗin cin gardama, amma ba ta ji ba, sai wani sanyi da ya ratsa ta. Mai motar ya leƙa ya ga man da ke zuba, ya dafe kai yana salati.

"Wallahi ban sani ba. Wallahi. Baba, ka yafe ni." Ya zaro waya ya koma gefe yana gaya wa mai zuwa da azahar kada ya zo.

Baba bai fito ba. Injin na ci gaba da numfashinsa mai daɗi, ko tari babu, shi kuma yana zaune, hannuwansa biyu a kan sitiyari, idonsa a kan bangon garejin. Akawu ta zagaya ta buɗe ƙofarsa. Ƙafarsa ta dama na nan a kan birki, birkin ya nutse har ƙasa.

"Baba, shi ke nan. Allah ya rufa asiri. Za mu samu wata."

Bai dube ta ba.

"Jiya," ya ce. "Jiya Malam ya ba ni aronta in gwada. Na je na ɗauko uwarki a ciki."

Akawu ta riƙe ƙofar.

"Na ce kada ta gaya miki, sai mun saya mu ba ki mamaki. Ta kwanta a baya. Tun da aka fara wankin nan ban taɓa ganin ta yi barci a hanya ba sai jiya. Na sauko gangaren nan da giya, a hankali, don kada ta farka." Ya ƙara damƙe sitiyarin. "Da muka iso mahaɗa, fitilar danja ta ba mu hannu. Wata tirela na tsaye a dama tana jira. Muka wuce. Ban taka ba."

Faɗa ya taso mata, maganganu masu zafi da take da haƙƙin faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Sai idonta ya sauka a gwiwarsa, ta ga tana karkarwa har wandonsa na motsi. Ta miƙa hannu ta kashe injin.

"Baba, ɗaga ƙafarka."

"Ta ƙi," ya ce.

Ta durƙusa a kan simintin garejin, cikin mai da ƙura, ta sa hannu biyu ta kama idon sawun mahaifinta, ta ɗauke masa ƙafar daga kan birkin.